Inda Kwalta Ta Ƙare a Ƙasar Guddiri

Bakanon da zai ce maka ya san ƙasar Katagum, wato Guddiri, galibi saninsa bai wuce abin da ake hangowa ta tagar mota ba. A tashi daga Kano, a wuce Wudil, a bi ta Shuwarin da Kiyawa, a haye gadar Jama'are, sai ga Azare. A sha mai, a yi sallah, a sayi tsire da kankana, a miƙa Potiskum. Daga Kano zuwa Azare tafiya ce ta wajen kilomita 200, kuma tun da aka mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye ta ƙara sauƙi. Sai dai kwaltar nan zare guda ce a jikin babbar riga. Yawancin Guddirawa ba a bakinta suke ba. Suna can ciki, inda ake shiga ta burji da turba da burtali, kuma daga can gero da wake da riɗi da kankanar da ake lodawa a Azare suke fitowa. Don in ga cikin ne na ɗaura keke a saman motar haya bayan an gama girbi, hunturu ya fara kaɗawa, da niyyar in bi ƙasa daga Azare har tsohuwar Katagum, in kauce wa kwalta iyakar iyawata.

Keken nawa irin wanda ake ƙerawa musamman domin hanyar ƙasa ne, a gwanjo na same shi. Daga nesa sai a ɗauka na tsere ne, don kansa a lanƙwashe yake, amma tayarsa ta fi ta keken tsere kauri sosai, wajen milimita 40 zuwa 45, da 'yan haƙora a jikinta. Giyarsa tana da laushi wajen hawa, birkinsa kuma na faifai ne, wanda laka ba ta hana shi kamawa. A Amurka da Turai hawan irin wannan keke ya zama yayi. Mutanen da ƙasashensu suka shimfiɗa musu hanyoyin keke na musamman, waɗanda a Holan kaɗai sun haura kilomita 30,000, su ne yanzu suke barin shimfiɗar suna neman hanyar gona, don su huta da motoci su ga karkara. A 2006 mutum 34 ne suka taru a garin Emporia na jihar Kansas suka yi tseren mil 200 a kan tsakuwa. Yau dubbai ne suke zuwa duk shekara. A 2022 aka yi gasar duniya ta farko ta wannan fanni a Italiya, a Kenya kuma tun 2021 ake yin tseren kwana huɗu a yankin Masai Mara. Su zaɓa suka yi. Manomin Chinade ko na Sakwa bai zaɓi komai ba. Hanyar da ta zo ƙofar gidansa ke nan, a kanta yake kai hatsi kasuwa, a kanta yake kai mara lafiya asibiti.

Azare gari ne mai tashi da wuri. Nan fadar Sarkin Katagum take, nan babban asibitin gwamnatin tarayya yake, ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan da aka jingine a zaure shekara da shekaru sun sake fitowa. Da safe za ka ga malamin makaranta ya naɗe riga a kafaɗa yana tuƙi, ga ɗalibai, ga mai biredi da akwatinsa a baya, ga yaron da aka aika cefane. Abin da babu shi ne wurinsu a kan titi. Da ka fita gari sai tirela da tankar mai da motocin haya masu gudun wuce sa'a. Iskar tirela kaɗai ta isa ta tura mai keke cikin yashin gefe, gefen kuwa ruwa ya cinye shi a wurare da dama. A kan kwalta mai keke shi ne ƙarami, kuma shi kowa yake jira ya kauce. Da na karkata na shiga hanyar ƙasa ta farko, abin da na fara ji shi ne kwanciyar hankali, tun kafin in fara kallon gonaki.

Hanyar ƙasa ba iri ɗaya ba ce, kuma mai keke ya fi kowa sanin bambancin, don a cinyarsa yake ji. Akwai burji na gaske, wanda aka ɗaga shi sama da gonaki, aka zuba masa jar marmara aka daddanne. In bai daɗe da ganin greda ba, babu hanyar da ta fi shi daɗi. Taya tana ƙara a kan tsakuwa, keke yana tafiya, mota sai jefi-jefi. In kuwa damina biyu ta wuce a kansa ba gyara, sai gargada ta kama shi, ruwa ya yanka kwari a tsakiyarsa, kafin ka yi sa'a guda hannunka ya yi tsami.

A gefen kowace irin wannan hanya akwai wata siririyar turba, faɗinta bai fi taki guda ba, wadda tayoyin kekuna da baburan mutanen wurin suka murje. Ita ce ta san hanyar. Ta san inda ƙasa take da ƙarfi, ta san ramin da za ta kewaye, wani lokaci ta bar hanyar ɗungum ta ratsa ta gindin gawo a cikin gonar da aka girbe, sai can gaba ta dawo. Taswirar da ke cikin waya ba ta san da zamanta ba. Abin da ya kamaci baƙo shi ne ya zuba ido ga sawun taya, ya bi inda ya fi yawa, in ya iso mararraba ya tsaya ya yi sallama ya tambaya.

Da ka ƙara yin arewa sai jigawa ta karɓe ka. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, amma a ƙarƙashin gonakin akwai tsofaffin tuddan yashi da iska ta tara tun zamanin da hamada ta taɓa gangarowa kudu fiye da inda take a yau. Shi ya sa gero da gyaɗa da kankana suke son wurin, shi ya sa kuma taya take nutsewa. Inda amalanke ta saba bi, hanya takan zama kwari biyu cike da rairayi, tsakiya kuma kofaton shanu ya tumurmusa ta. Hawan rairayi yana da ƙa'idarsa. A rage iskar taya har ta ɗan baje, a saka giya mai laushi, a ja jiki baya a kan sirdi, a sassauta riƙon kai a bar keke ya nemi hanyarsa. Wanda ya taɓa birki ko ya daina juya feda ya tsaya ke nan. Da sanyin safiya yashin yakan ɗan kama jikinsa, da rana ta take sai ya saki. Akwai kuma wuraren da babu wata dabara sai a sauka a tura, kuma kowa turawa yake yi, babba da yaro.

Sai ƙaya. Tsidau yana kwance a bakin gonaki da filayen makarantu da wuraren da dabbobi suke kwana, ba ka ganinsa sai ka ji taya ta yi laushi. Inda manomi ya yi shinge da reshen aduwa ko bagaruwa don ya tsare amfaninsa daga dabbobi, iska takan janyo guntayen ta zubar a kan turba. Tayata irin marar tib ce, wadda ake zuba wa wani farin ruwa mai danƙo a ciki, yana toshe ƙaramin huji da kansa, kuma a wannan ƙasa ta yi mini rana. Duk da haka mai faci ne ginshiƙin tafiyar keke a karkara. Kusan duk ƙauyen da yake cin kasuwa akwai shi a gindin bishiya, da kwanon ruwansa na neman huji, da sholisho, da guntayen tsohon tib, da famfo. Wanda zai zo da keken zamani ya san abu biyu. Bawul ɗinsa siriri ne, bakin famfon mai faci ba ya kama shi, don haka ya riƙe nasa famfon. Tayarsa kuma, ko da ita da ta keken Phoenix duk ana kiransu inci 28, ba sa shiga rim ɗin juna, don haka in ta yage ba zai sami madadinta a kasuwar ƙauye ba.

A wurin wani mai faci ne wani dattijo ya tarar da ni. Ya zo a kan tsohon Phoenix, ba giya, birkin ƙarfe, ya ɗaura buhun gero a kariya, ya rataya jarka biyu a gefe.

"Sannu da hanya, Malam. Daga ina aka fito?"

"Daga Kano, Baba. Katagum na nufa."

Ya kewaya keken nawa, ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya ji rashin nauyinsa, ya matsa taya, ya duba bayan sirdi. Sannan ya ce, "To, ina ake ɗaura kaya?"

Tambayar ba ta raini ba ce, kuma ita ce daidai. A wurinsa keke abin ɗaukar kaya ne kafin ya zama abin hawa. Kekunan Raleigh da aka taɓa harhaɗawa a Kano, da Phoenix na Sin, da Hero na Indiya, sun ɗauki hatsi da itace da ruwa da awaki a waɗannan hanyoyi shekaru da dama kafin wani kamfani a Turai ya yi tunanin ƙera keke na musamman domin tsakuwa. Da muka tashi tare, shi da buhunsa ni da gorar ruwana, sai da muka iso shimfiɗaɗɗen burji sannan na iya wuce shi. A cikin rairayi shi ne a gaba, don ya san inda zai sa taya.

Kafin in nufi arewa na yi wani zagaye kudu maso yamma, zuwa Shira. Nan ne kaɗai a tafiyar na ga duwatsu sosai, sun tashi tsaye a tsakiyar fili, ana hango su tun daga nesa. A jikinsu akwai zane-zanen shanu da mutanen da suka yi da jan launi, waɗanda suke cikin jerin kayan tarihin da gwamnatin tarayya ta keɓe. Shira tsohuwar daula ce tun kafin jihadi, ita da Tashena da Auyo, kuma kowacce tana da harshenta a da, duk sun ɓace, Hausa ta maye gurbinsu. Mai son ganin zanen ya fara zuwa wurin masu gari a haɗa shi da ɗan jagora, don ba a bakin hanya suke ba.

Gadau tana arewa da Azare, ba nisa. Yau an san ta da jami'ar jihar Bauchi, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Sa'adu Zungur. Amma tana da wani tarihi da ba kowa yake tunawa da shi ba. A shekarun 1920 da 1930, a Sherifuri da Gadau Turawan mulki suka kafa sansanin binciken ƙudan tsando, mai kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. A nan masanin ƙwari T. A. M. Nash ya yi aiki kafin ya koma shirin sake tsugunar da mutane a Anchau. A wancan lokaci bakin kogin kurmi ne mai duhu, inda ƙudan yake fakewa. Wanda ya bi wurin a keke yau zai ga gonaki ne har bakin ruwa, da gawo da tsamiya da kuka jefi-jefi, goruba tana ƙaruwa yayin da ake yin arewa. Ciwon ya tafi, kurmin ma ya tafi.

Daga nan ƙasa ta fara gangarawa zuwa fadama, hanya kuma ta sake hali. Rairayi ya ƙare, baƙar laka ta karɓa. Da rani takan bushe ta tsattsage, sawun kofaton shanun da suka bi ta tana ɗanye ya daskare a jikinta, keke ya riƙa tsalle a kai. An riga an yanke shinkafa lokacin da na iso, masu noman rani sun fara bin ruwa yayin da yake ja da baya, suna dasa albasa da tumatir da barkono, wasu suna shirin alkama. Ƙarar injin ban-ruwa tana tashi ta ko'ina, kuma duk wanda ka tsaya gaisawa da shi, kafin a jima zance ya koma kan kuɗin man da injin yake sha. Fulani sun sauko da shanu suna cin karan gonaki, mata suna tafe da ƙwaryar nono a ka zuwa kasuwa, masunta suna shanya taru. A nan ka ji Hausa, ka ji Fulatanci, ka ji Barbarci, duk a rumfar mai shayi ɗaya.

Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratso jihar Bauchi, ya wuce ta gaban Katagum, can gaba ya haɗu da ruwan Haɗeja su zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Ɗan'uwansa na Haɗeja an ɗaure shi da madatsar Tiga tun 1974 da ta Challawa a 1992. Shi Jama'are har yau babu babbar madatsa a kansa. Maganar ta Kafin Zaki an shafe shekaru ana tayar da ita ana ajiyewa, masu so suna hangen noman rani, mutanen ƙasa a Yobe da Borno suna tsoron a tare musu ruwan da fadamunsu suke rayuwa da shi. Saboda haka kogin yana cika yana ja yadda Allah ya tsara masa, kuma rayuwar wurin gaba ɗaya a kan wannan take. Ruwan da yake kawo taki da kifi shi ne yake cin gida da gona in ya yi yawa. A jikin katangun ƙasa da gindin itatuwa akwai layin da ruwa ya bari, a wasu wuraren ya kai ƙugun mutum.

A nan ne na fahimci cewa lokacin da na zo shi ne lokacin da hanya take nuna kyakkyawar fuskarta. Duk wanda na tambaya yadda take da damina, sai ya nuna mini wani kwari da na ratsa ba tare da na lura ba, ya ce nan ne take yankewa. Galibi ba wani babban abu ba ne. Kwalbati ne guda da ya karye ba a gyara ba, ko wuri ne mai tsawon taki hamsin da ya kamata a ɗaga ba a ɗaga ba. Amma wannan ɗan wurin ya isa ya raba ƙauye da duniya wata biyu ko uku. Mota ba ta shigowa, sai dillali ya karya farashin kankana da tumatir yadda ya ga dama, don ya san manomi ba shi da yadda zai yi kafin su ruɓe. Malamin da aka turo makarantar firamare yana zaune a gari, ruwa ya tare shi. Mace mai naƙuda a amalanke ake ɗora ta, shanu suna ja a cikin taɓo har bakin kwalta, daga nan a nemi motar Azare. Wannan ba labarin shekarar ambaliya ba ne, na kowace damina ne. Shekarar ambaliya kuwa, irin 2022, abin ya wuce nan. A watan Agustan 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri kanta a yankin ƙaramar hukumar Katagum. Wannan kowa ya ji shi a rediyo, manya suka zo suka duba, aka kawo injina. Hanyoyin ƙauyen da suka yanke a makon ba wanda ya ƙirga su.

Da kwale-kwale na haye kogin. Mai fito ya karɓi keken ya kwantar da shi a kan buhunan wani, muka zauna mu da mata masu komawa daga kasuwa da wani yaro riƙe da akuya. Fito ba ya ɗaukar lokaci da rani, amma ka dubi faɗin yashin da ke gefe biyu ka san girman ruwan da yake bi ta nan a watan Agusta, a cikin irin wannan jirgi, ba rigar ruwa ko ɗaya.

Garin Katagum yana arewacin kogin, kusan kilomita 70 daga Azare. Baƙo yakan rikice da sunan, don ƙaramar hukumar da ake kira Katagum a Azare hedikwatarta take, shi kuwa garin Katagum hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki ne. Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa shi a farkon ƙarni na 19, bayan ya kai yaƙi har Birnin Gazargamu, abin da ya sa aka yi masa laƙabin Sarkin Borno. A watan Janairun 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, Turawa biyu, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, suka iso nan daga Kukawa a kan hanyarsu ta zuwa Kano. Clapperton ya tarar da gari mai ganuwa biyu da ƙofofi huɗu, ya rubuta cewa tun da suka baro Tarabulus bai ga birni mai ƙarfin kariya kamarsa ba, kuma a nan ya fara ganin ana ciniki da wuri. Oudney ya zo da ciwo a jikinsa. Da suka tashi bai yi nisa ba, ya rasu a Murmur ran 12 ga Janairu, aka binne shi a can, Clapperton ya ci gaba shi kaɗai ya shiga Kano ran 20 ga wata. Murmur tana nan har yau a ƙasar Zaki.

Abin lura shi ne ba ratse suka yi ba. Babbar hanyar Borno zuwa Kano ta wancan zamani ta nan ta bi, ayarin fatake da jakuna da raƙuma ta ƙofar Katagum suke wucewa. Bayan zuwan Turawa a 1903 aka haɗa ƙasar da lardin Kano, sai a 1926 aka mayar da ita lardin Bauchi. A shekarun 1910 kuma aka ɗauke gadon sarauta aka kai Azare. Hanyar mota ta bi ta Azare, kasuwa ta bi hanya, makarantu da asibiti suka bi kasuwa. Katagum ba ta mutu ba. Gari ne mai mutunci, mai noma da su, mutanensa sun san tarihinsu kuma suna faɗinsa ba tare da an roƙe su ba. Amma wanda ya kwana a Azare ya kwana a nan ba ya buƙatar a gaya masa abin da hanya take yi wa gari in ta zo, da abin da take yi masa in ta kauce. Abin da ya sami birni mai ganuwa biyu shi ne yake samun kowane ƙauyen da kwalbatinsa ya karye, sai dai na ƙauye ba a rubuta shi a littafi.

Ban dawo da ra'ayin cewa a malala kwalta a kowace turba ba. Babu gwamnatin da take da wannan kuɗi, kuma siririyar kwaltar da aka shafa don a yanka zare a ɗauki hoto, bayan damina biyu ta fi burji muni, don ramin kwalta yana da baki mai kaifi. Abin da ƙasar take buƙata ya fi haka araha. A ɗaga hanya inda ruwa yake kwanciya, a sa kwalbati mai faɗin da zai ɗauki ruwan Agusta, a zuba marmara, sannan greda ta bi ta kai duk shekara da zarar ruwa ya ɗauke. Wannan na ƙarshen shi ne ake kasawa. An kafa hukumar raya karkara ta DFRRI a 1986 zamanin Babangida, ta buɗe hanyoyin karkara da yawa, da aka bar su ba gyara suka koma yadda suke. Yanzu akwai shirin hanyoyin karkara na RAAMP da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, kuma Bauchi tana cikin jihohi 13 da aka fara da su. Za a auna shi ne da yadda hanyoyinsa za su kasance bayan shekara biyar, ba ranar da aka buɗe su ba. Ƙasar da ta fitar da irin su Alhaji Sule Katagum da Alhaji Aminu Saleh da Alhaji Yayale Ahmed ba ta rasa waɗanda suka san yadda ake sa abu a kasafin kuɗi ya tabbata ba.

Akwai kuma abin da na riƙa tunani duk lokacin da wani saurayi ya wuce ni da jarkoki huɗu a kan keke marar giya. Burkina Faso tana yin tseren kekenta na ƙasa tun 1987. Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku a tseren Faransa na 2024. Ƙafar da ake nema a waɗannan wurare tana nan a Gamawa da Itas da Madara, ba wanda ya taɓa gwada ta. Tseren rani guda ɗaya daga Azare zuwa Katagum ta hanyar ƙasa, da rukuni na musamman ga masu Phoenix, ba abin da ya fi ƙarfin masarauta da jami'o'in yankin ba ne. Ko ba a sami zakara ba, za a sami ranar da manya za su bi hanyar da idonsu.

Mai son ya yi wannan tafiya ya zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kafin zafin bazara. Ya tashi da asuba, ya huta da azahar, kada magariba ta same shi a daji. Ya riƙe ruwa fiye da yadda yake zato, da rawani ko ƙyalle saboda ƙura, da tib biyu da famfo. In ya shiga ƙauye ya sauka daga keke, ya nemi mai unguwa ko dagaci ya gaishe shi ya faɗi abin da ya kawo shi, kada ya ɗaga waya ya ɗauki hoton kowa sai ya nemi izini. In an ba shi fura ya sha. In kuma ya ga kwalbatin da ya karye, ya rubuta sunan ƙauyen, ya kai wa shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar mazaɓar tun kafin ruwan Yuni ya sauka.